Fedar obadiraib: koriya, mai ruwan ɗorawa ko shuɗiya?

Ɗan Tudun Wada, Jos

Barkanku da warhaka, 'yan'uwa masu jita. Shawara nake nema a kan fedar obadiraib, ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa ya sa muryar jita ta ɗan dishe, kafin in zubar da kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa.

Shekara shida ke nan ina kaɗa jita, ran Lahadi a majami'a, ran Asabar kuma wajen biki idan an kira ƙungiyarmu. Jitar Squier Stratocaster ce ta gwanjo, fikof (abin da ke ɗauko sautin tsirkiya) uku masu naɗi ɗaya. Amfilifayar ta tiransista ce, wat 40, lasifika ɗaya. In dai muryarta fes ake so, ba ni da ta cewa. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka ba ni fili in yi kiɗa ni kaɗai. Mu shida ne, kuma kibod biyu gare mu. Da zarar masu kibod sun baje hannu, mai ganga ya taso, sai jitata ta nutse, ni kaina da ke tsaye gaban amfilifayar sai na sunkuya nake jin abin da yatsuna ke yi. In na ƙara murya kuma ta zama allura.

Bara na sayi wata baƙar fedar distoshan (mai kausasa sauti sosai) marar suna, da araha. Ƙararta kamar an kulle zanzaro cikin gwangwanin madara. Ranar da na fara taka ta, wata dattijuwa a sahun gaba ta ja bakin ɗankwalinta ta toshe kunne, da aka tashi ta same ni a bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, lasifikar ce ta yage? In kuɗin gyara ne a faɗa wa zumuntar mata." Tun ranar fedar take ƙarƙashin gado.

Abin da nake so ba hayaniya ba ce. So nake muryar ta ɗan dishe, irin ta mawaƙin da ya kwana yana waƙa, tsirkiya kuma ta riƙe sauti ta ja shi kaɗan kafin ya mutu. Mai kawo mana kayan gwanjo daga Legas ya ce ƙarshen wata zai zo da Boss SD-1 mai ruwan ɗorawa da Boss BD-2 shuɗiya, da kuma wata koriya kwaikwayon Tube Screamer. Naira dubu 100 ce iyakata, ɗaya kawai zan iya ɗauka. Wacce za ta dace da amfilifaya irin tawa?

Bahaushen Birmingham

Ƙanena, ka yi daidai da ka faɗi irin amfilifayarka, domin rabin amsar tana can.

Kowa Tube Screamer yake ambato, kuma da gaskiyarsu. Ibanez ta fitar da TS808 a 1979, TS9 ta biyo baya a 1982, kamfanin Maxon na Japan ne ke ƙera musu a lokacin. Amma duba sunan da kyau, "tube" bawul ke nan. An yi ta ne don ta tunzura amfilifaya mai bawul, wato mai kwalaben nan da ke ɗaukar zafi a ciki kamar na tsohon rediyo. Irin wannan amfilifaya idan ka buɗe ta sosai da kanta take fara dishewa, fedar ƙarasa ta kawai take yi. Stevie Ray Vaughan, makaɗin jitar Amurka da ya sa duniya ta haukace a kan koriyar, Drive ɗinsa (maɓallin kaushi) ƙasa yake, Level (na ƙarfin murya) sama, amfilifayoyin Fender masu bawul kuma a buɗe. Yawancin abin da kake ji a faifansa na amfilifayar ne da hannunsa.

Taka kuwa ba ta dishewa a hankali. Fes take har iyakarta, daga nan sai ta fashe. Ke nan duk kaushin da kake nema daga cikin fedar zai fito, babu mai taya ta. A nan ne nake ganin BD-2 ta fi. Tun 1995 take kasuwa, ba ta rage bes, ba ta cusa tsakiya, kuma tana bin hannu: ka kaɗa a hankali ta fito kusan fes, ka danna ta yi gurnani. Ka rage maɓallin muryar jitar zuwa 6 ko 7 ta wanke. Ni a ɗakina ita ce kullum a kunne. Abu ɗaya, da Strat kada ka bari Tone, maɓallin kaifin murya, ya wuce ƙarfe 10 na agogo, tana da kaifi.

Ɗan Agadas

Salamu alaikum. Yaya na Ingila, a gafarce ni, amma kai da bakinka ka ce "a ɗakina". Shi ba a ɗaki yake kiɗa ba.

Mu nan bikin aure a fili ake yi, kan tabarma, gurup, wato janareta, na ruri a bayan katanga, jita biyu ko uku, ga bes, ga ganga, ga mata na tafi da guɗa. Na ga samari da yawa sun zo da feda mai daɗin ji in mutum shi kaɗai ne, cike da bes, mai faɗi. Ana haɗuwa da sauran sai ta ɓace kamar an zuba ruwa a rairayi. Dalili, ƙasan sautin na mai bes ne da babbar ganga, samansa na farantin mai ganga da tafi. Abin da ya rage wa jita tsakiya ne. Fedar da ake zagi wai tana magana da hanci, ita ce ke fitowa sarari a taro.

Ɗan'uwa na Jos, kibod biyu ka ce. To matsalarka ba ƙarancin ƙara ba ce, wurin zama ne ba ka da shi. Ni mai ruwan ɗorawa zan ce maka, ko koriyar in ta kirki ce. Kuma ka rage Drive. Salon kiɗanmu ana barin tsirkiya ɗaya a sake tana amo, yatsu na gudu a kan sauran, in kaushi ya yi yawa duka sai su cuɗe su zama kunu. Nawa bai taɓa wuce ƙarfe 9 ba. Level ne nake ɗagawa.

Sarkin Tsirkiya

Ku bar yaro ya sayi fedar Klon Centaur kawai a huta. Ya sayar da amfilifayar, da jitar, da babur, in akwai fili a ƙauye a haɗa.

Bahaushen Birmingham

Sarki ka cika tsokana. Ga wanda bai sani ba, wani mutumin Boston mai suna Bill Finnegan ne ya fara haɗa ta da hannu a 1994, kuma ta asali yau dubban daloli ake sayar da ita. Electro-Harmonix na da Soul Food da ke bin tsarinta da sauƙin kuɗi, amma ba ta cikin ukun da aka tambaya.

Ɗan Agadas, na karɓi maganar tsakiya. Sai dai ai amfilifayarsa na da maɓallin tsakiya, zai iya ɗagawa. Bes ɗin da feda ta yanke kuwa ba ya dawowa.

Baba Mai Dalma, Sabon Gari Kano

Yarana, ni ban iya kaɗa ko tsirkiya ɗaya ba. Amma shekara talatin da wani abu ina buɗe cikin kayan sauti, kuma waɗannan ƙananan akwatuna sun sha zuwa teburina, galibi suna warin ƙuna. Bari in faɗi abin da ke ciki, ku masu kunne ku yanke hukunci.

Koriyar da mai ruwan ɗorawa 'yan ɗaki ɗaya ne. In ka shimfiɗa zanensu gefe da gefe sai ka lura sosai kafin ka ga bambanci. Duk biyun ayisi ɗaya ce, wato ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu, ke ɗaga sautin, dayod kuma su datse kansa, datsewar nan ita ce dishewar da kuke ji. Duk biyun suna rage abin da ke ƙasa da wajen haz 720 kafin su ɗaga, shi ya sa bes ke raguwa tsakiya ta fito. Bambancin shi ne Tube Screamer dayod biyu gare ta, ɗaya nan ɗaya can, tana aske sama da ƙasa daidai wa daida. SD-1, wadda ta fito a 1981, uku gare ta, biyu gefe guda ɗaya a ɗaya gefen, askin ya karkace. Masu kiɗa na ce mini ta fi ɗan cizo. BD-2 ginin ta daban ne, tiransista ne aka jera mataki-mataki, shi ya sa halinta ya bambanta.

Kwaikwayon koriyar kuma kada ka raina shi don suna. Kayan cikin ba su da tsada, ayisi 4558 da ake ta yi wa kirari tana cikin tsofaffin rediyo masu kaset birjik. Inda mai araha ke kasawa shi ne jiki: ramin jak, maɓallin takawa, da murfin batir. Mai zuwa biki duk Asabar, ana jefa kaya bayan a-kori-kura, ya nemi mai jikin ƙarfe.

Yanzu ga abin da ya sa na sa baki. Wuta. Waɗannan fedoji bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar filogin negatif ne. Adaftar kibod da yawa bolt 12 ce, tsakiya fositif, kuma bakinta na shiga ramin fedar lafiya lau kamar don ita aka yi. Ka ce kibod biyu gare ku. Wata rana batir zai mutu ana tsakiyar hidima, wani mai son taimako zai miƙo maka adaftar da ke kusa. Kada ka karɓa. In an yi sa'a dayod ɗin kariya ce kaɗai za ta tafi, in ba a yi ba sai mun canza ayisi. Ka sayi adaftarka, ka naɗa mata jan salatif, kowa ya san taka ce.

Tunda gwanjo ne, juya ta ka karanta takardar da ke ƙasa. Tsofaffin Boss na kafin 1997 da yawa an rubuta musu ACA, ba PSA ba, wato nau'in adaftar da suke ci. Irin waɗannan in ka ba su adaftar bolt 9 ta yau sai fitilar ta yi dishi-dishi, sautin ya raunana, ka ɗauka ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Da batir za ta yi daidai, kuma gyaran na minti goma ne. In da batir kake aiki, zare wayar jita daga fedar in ka gama, domin muddin jak na ciki tana shan wuta ko da a kashe take.

Sai ƙugi. Fikof mai naɗi ɗaya yana jawo ƙugin wutar gida, janareta marar waya ta ƙasa kuma ya ƙara masa. Obadiraib ba ta san kiɗa da ƙugi ba, duka take ɗagawa. In ka taka ka ji "zzzz" kada ka zagi mai kaya, tura sandar fikof zuwa matsayi na 2 ko na 4 ka ji ko ya ragu. Ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe, in yana ƙarar yashi ƙurar hunturu ce, feshi ɗaya ke maganinta, amma ka nemi ragi a kai.

Ɗan Tudun Wada, Jos

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar adafta ta taɓa ni, don da ita na kashe abin saita tsirkiyata shekara biyu da suka wuce, sai yau na gane abin da ya faru. Yaya na Birmingham da Ɗan Agadas, kun bar ni a tsakiya, kowa da hujjarsa. Zan roƙi mai kayan ya kawo su wajen gwajinmu na ran Alhamis in ji su cikin taro.

Ɗan Agadas

Haka za ka yi. Kuma ka ba wani jitar ya kaɗa, kai ka koma bayan ɗaki ka saurara. Abin da ke gaban amfilifaya daban, abin da jama'a ke ji daban.

Ɗan Tudun Wada, Jos

Na dawo da labari. Mai kayan ya yarda, bisa sharaɗin in biya masa kuɗin Keke zuwa da komowa.

Kafin sauran su iso na gwada ukun ni kaɗai, kuma wallahi shuɗiyar ta tafi da ni. Duk abin da Yaya ya faɗa haka yake. Na kaɗa a hankali ta yi laushi, na danna ta yi gurnani, har na fara lissafin yadda zan roƙi ragi. Mai ruwan ɗorawa kuwa da na taka sai na ji jitar ta rame, kamar mai mura.

Da aka cika, na ba ƙanin mai bes jitar na koma kujerar ƙarshe. Da shuɗiyar, ana jin jita na nan, amma sai ka neme ta tsakanin kibod biyun. Na ɗaga tsakiya a amfilifayar kamar yadda Yaya ya ce, ta fito, sai dai da ya kashe fedar muryar fes ɗin ta koma ƙwanƙwasar kwano, kuma ni kashi takwas cikin goma na kiɗana fes ne. Muka mayar da maɓallin inda yake, aka taka SD-1, Drive ƙarfe 9, Tone ƙarfe 11, Level ƙarfe 2. Ban ƙara wa amfilifayar ko ɗigo ba, amma kowane yatsa da yaron ya ɗora ina jin sa daga baya. Mai kibod na biyu har ya ɗago kai ya dube shi.

Koriyar ma ta yi kusan haka, ta fi santsi kaɗan, kuma ta fi araha nesa. Amma jikinta roba ne, murfin batir ɗin da salatif aka riƙe shi, sai na tuna maganar Baba.

Na ɗauki mai ruwan ɗorawa. Fentinta ya ɗaɗɗaye a kusurwa, ƙasanta an rubuta Taiwan da PSA, maɓallin Tone na ɗan ƙarar yashi, na samu ragin dubu 5 a kan haka. Canjin ya isa adafta da gajeriyar waya. Baba, wane irin feshi ne ake sa wa maɓallin? Mai gyaran babur na layinmu ya ce in kawo ya fesa mata nasa, na ce ya dakata tukuna.

Baba Mai Dalma, Sabon Gari Kano

Kada ka kuskura, nasa na kwance tsatsar ƙusa ne, zai bar maiƙo ƙura ta manne. Je wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo ka ce na wanke maɓallin murya kake so. Buɗe bayanta, ka fesa kaɗan a ɗan ramin da ke jikin maɓallin, ka murɗa shi sau ashirin, ka bar shi ya bushe kafin ka sa wuta.