Muhawara: wai fankon tanki ya fi cikakke haɗari?

Malam Sani mai walda: Jama'a ku raba ni da wani yaro a wurin aiki. Na ce masa tankin fetur da aka kwashe ya fi wanda ke cike haɗari, sai ya ƙyalƙyale da dariya, wai me zai ci wuta tunda babu mai. Shekara 20 ina walda, fanko nake tsoro.

Injiniya Bala: Gaskiyarka Malam Sani. Tururin fetur ne ke fashewa, kuma sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. A tankin da ke cike, tururin da ke saman man ya yi kauri, iskar ba ta isa ba. Da an kwashe man, iska ta shigo ta maye gurbinsa, gaurayen ya daidaita. Saura tartsatsi ɗaya.

Hajiya Rabi: Injiniya, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ka manta da ma'ajiyar mai ta Buncefield a Ingila? Ranar 11 ga Disamba 2005, ana ɗura fetur a wani tanki, mitar da ke nuna yawan mai ta maƙale, makunnin da zai tsayar da ɗurin shi ma bai yi aiki ba. Mai ya yi ta kwarara ta saman tankin, sama da lita 250,000, har tururinsa ya lulluɓe ma'ajiyar ya fashe. Fiye da mutum 40 suka jikkata, wuta ta yi kwanaki tana ci. Allah ya sa asubahin Lahadi ne, da ba a san adadin gawa ba. Wane fanko ne zai yi wannan ɓarna?

Injiniya Bala: Ai Hajiya wancan ambaliya ce. Man ya fito waje ya tarar da iska, maganata ce dai.

Hajiya Rabi: To da babu man me zai fito? Fanko mai walda yake kashewa da na kusa da shi. Cikakke idan ya ɓalle, unguwa guda ce.

Usman: Ku bar ni in sako na gas. Tankunan nan masu kamar ƙwallo ba a cika su fal, ana tsayawa wajen kashi 85 saboda ruwan gas yana kumbura da zafi. A matatar mai ta Feyzin a Faransa, Janairun 1966, bawul ɗin ƙasan wani tankin ya daskare a buɗe, gas ya malala ya kama da wuta, daga baya tankin ya tarwatse, mutum 18 suka mutu. Abin lura, ƙarfen da ruwan gas ke taɓawa yana samun sanyi, na sama inda babu ruwa shi ke laushi ya tsage. To wannan na wa ne a cikinku?

Malam Sani mai walda: Nawa ne mana! Ɓangaren fanko ne ya ci amana.

Hajiya Rabi: Kai Malam Sani, har da ƙwace? Me ya tashi da ya tsage, ba ruwan gas ɗin da ke ciki ba?

Usman: Ni na taɓa ganin tanki ya lotse ba wuta ba komai. Masu fenti suka ɗaure bututun shaƙar iska da leda, suka manta. Washegari aka kunna famfo ana janye ruwa, muna tsaye sai ƙara, bangon ya shige ciki kamar gwangwanin da aka taka.

Injiniya Bala: Kuma ko an wanke tanki, laka na kwance a ƙasa, tsatsa na riƙe da mai. Da safe na'urar gwajin gas za ta nuna sifili, rana ta buɗe, lakar ta ɗumama, tururi ya dawo.

Malam Sani mai walda: Shi ya sa ko da takardar izini a hannuna, in na tafi hutun rana na dawo, ba na kunna inji sai mai gwaji ya sake zura na'urarsa har ƙasa. Yaron nan kuwa gobe shi zan sa ya riƙe ta.

Hajiya Rabi: Ka sa shi ya hau ya duba makunnin ambaliyar ma.