Masu karatun alaƙar kimiyya da zaman jama'a, ku zo ku ba ni labari

Ɗiyar Harobanda:

Assalamu alaikum yayyena. Ina shekara ta uku a sosiyoloji nan Yamai, lisans ta kusa ƙarewa, kuma ina son in yi masta a kan yadda kimiyya da na'urori ke shiga rayuwar mutane, da yadda mutane ke juya su. Kakata ce ta jawo mini wannan. An raba gidan sauro a garinsu, na je hutu na tarar ta lulluɓe irin tumatir da shi a garka. Na ce Kaka, wannan ai don ke aka kawo shi. Ta ce sauro ya shekara saba'in yana cizonta bai kashe ta ba, amma in tsuntsaye suka cinye irin nan, me za a sa a miya? Tun ranar maganar take yi mini yawo a kai.

Da na gaya wa Baba, sai ya ce: "To injiniya za ki zama ko likita?" Na ce ko ɗaya. Ya ce: "Wato mai kallon masu aiki." Don Allah waɗanda suka bi hanyar nan su faɗa mini abin da suka tarar, daɗinsa da ɗacinsa.

Ɗan Adar:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Baba bai yi ƙarya ba, kallo ne aikin, sai dai kallon yana da wuya.

Ni memuwar ɗina, wato binciken ƙarshen karatu, a kan famfon hasken rana na yi shi, a wani ƙauye gabas da Tawa. An kafa musu pano na hasken rana da shato, wato tankin ruwa, da kan famfo huɗu, shekara biyu abin ya tsaya. Rahoton masu furoje ya ce mutanen ba su san darajar abin ba. Na tafi da takardar tambayoyi arba'in da na rubuta da Faransanci, ina ji da kaina. Mako biyu ina bin gida gida, kowa amsa ɗaya yake ba ni: famfo alheri ne, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. Sun ɗauka ni ma ɗan furoje ne, kuma ba a kushe kyauta a gaban mai ita.

Sai da na ajiye takardar na koma zama wurin wani tsoho mai gyaran guga a bakin tsohuwar rijiya, sannan magana ta fara fitowa a gutsure. Ashe abin da ya lalace ɗan ƙaramin ƙarfe ne, kuɗinsa bai kai na tunkiya ba. Kuɗin ma akwai, don kowane bido dala biyar ake biya, suna cikin akwatin kwamiti. Makullin akwatin kuwa yana aljihun ɗan maigari, shi kuma ya tafi ci-rani Abijan kamar rabin samarin Adar. Fasa akwatin daidai yake da a ce ɗan maigari ɓarawo ne, babu mai son bakinsa ya fara faɗin haka.

Akwai kuma abin da ko tsohon bai faɗa ba, sai da na ga da idona. Shaton ƙarami ne, kafin magariba ya ƙare, ba ya sake cika sai rana ta ɗaga. Mata kuwa da asuba suke son ruwa, kafin daka. Don haka tun famfo yana da lafiya ba su bar rijiya ba. Da ya tsaya, waɗanda suka fi jin ciwo masu dabbobi ne, su kuma ba su da kujera a kwamiti.

Da na dawo na zayyana wa malamina, ya ba ni rubutun Madeleine Akrich, wata Bafaranshiya da ta yi nazarin fitilun hasken rana da aka ƙera a Faransa don ƙasashe irin namu. Ta nuna cewa mai ƙera na'ura yana da hoton wanda zai yi amfani da ita a kansa, kuma yana dasa hoton cikin ƙarfen: ya gajarta waya, ya sa soket ɗin da babu irinsa a kasuwa don kada a taɓa. Wanda ya zana famfon ƙauyen nan bai taɓa tunanin macen da ke tashi kafin kiran salla ba. Na karanta shafukan ina dariya ni kaɗai.

Injiniyan Kuran:

Bari in ɗan zuba muku ruwan sanyi. Ni lantarki na karanta, kuma da can duk wannan surutu nake ɗaukarsa. Har yau rabinsa surutu ne a wurina. Na zauna da ɗaliban sosiyoloji da ke rubutu kan hasken rana, ba su san bambancin bolt da wat ba. Ka tambaye su me ya sa batir ke mutuwa da wuri a zafin Afrilu, sai su ce maka matsalar "tsarin iko" ce. A'a malam, zafi ne.

Amma na yarda an taɓa kayar da ni. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke sha. Wayoyi lafiya lau, taransifoma lafiya lau, Yamai cikin duhu. Babu lissafin da aka koya mini da zai bayyana wannan. Ranar na gane cewa layin da ya taso daga Birnin Kebbi yarjejeniya ce aka rataya a kan turaku. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a shekarar 2023 ɗin, sai ga shi kowa ya san sunanta, har masu sayar da ƙanƙara.

Shawarata, ƙanwata: in za ki yi, ki koyi abin kansa. Jami'ar da kike ciki sunan Abdou Moumouni take ɗauke da shi, haifaffen Tasawa, masanin fizik da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasar nan shekaru da dama, kuma shi ne ya rubuta littafi kan tarbiyya da ilimi a Afirka tun 1964. Hannu biyu ya riƙe abin.

Ɗan Adar:

Yallaɓai na karɓi wannan. Ni ma sai da na bi wani mai gyara kwana uku ina riƙe masa sufana kafin na san me ya lalace.

Maman Biyu:

Ɗiyata, ni ta ƙofar likita na shigo. Shekara tara ina aikin jinya kafin in koma aji in karanta ilimin ɗan'adam na fannin lafiya, da goyo a baya. Abin da ya kore ni zuwa karatun rigakafi ne.

Muna zagayen shan inna gida gida, wata mata ta tare ƙofa ta ce ba za a ɗiga wa ɗanta ba. Na yi mata bayanin da aka horar da mu, ta saurara har na gama. Sannan ta ce: "Madam, bara na kwanta wata biyu, sai da muka sayar da akuya muka sayi magani, ban ga kowa ba. Yanzu ciwon da yaron nan ba shi da shi, kun zo har sau uku, kyauta, da ƙafarku. Ki gaya mini dalili." Wallahi na tsaya riƙe da kular rigakafi ban da amsa. A takardar ranar, gurbin dalilin ƙi, na rubuta "jahilci", don gurbin ba ya ɗaukar dogon zance. Wannan kalmar ta daɗe tana damuna.

A aji ne na haɗa zaren. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an yi gwajin wani sabon magani a Kano, gwajin da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, maganar ta kai kotu. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Labarin Kano kuwa ba ya buƙatar biza kafin ya iso Maraɗi ko Ƙonni. Matar nan ba ta san shekarun ba, amma ta ji ƙamshin labarin, ta haɗa da akuyarta.

Kada ki fahimce ni a karkace. Rigakafin yana aiki, ƴaƴana duka sun sha, kuma na ga yadda sanƙarau ya ja baya bayan allurar da aka fara a 2010. Karatun bai sa na daina yarda da magani ba. Abin da ya canja shi ne, yanzu in uwa ta ƙi, sai in nemi tabarma.

In kina Yamai ki riƙa leƙa LASDEL, cibiyar binciken da aka kafa a 2001, inda su Jean-Pierre Olivier de Sardan suka yi aiki mai yawa kan gidajen likita. A wurinsu na samu sunan abin da na shekara tara ina yi ban sani ba: akwai dokar takarda, akwai kuma dokar da ma'aikata ke bi a aikace, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya haddace. Ranar da aka karanta mana misalan, na sunkuyar da kai, kamar da ni ake.

Na Bakin Kasuwa:

Duk na ji. To tuwon fa? Tambayar Baba har yanzu ba a amsa ba.

Tsohuwar Ƴar Anket:

Tuwo akwai, amma ba kullum da miya ba. Yawancinmu anket, wato binciken tambayar jama'a, muke yi wa ƙungiyoyi: kwangilar mako uku, wata biyu, sai a zauna jiran wata. Kaɗan ke samun koyarwa ko bincike na dindindin, su ma sai da digirin dakta. Wanda ya iya Hausa da Zabarmanci, ya iya rubutu mai tsabta, ya ɗan iya Ingilishi, ba ya daɗewa a zaune.

Ɗacin da ban ji an faɗa ba shi ne wannan. Wata ƙungiya ta aike ni in gano me ya sa mata ba su amfani da murhun zamani da ta raba. Na gano: bakin murhun bai ɗaukar tukunyar gidan mutum goma sha biyar, kuma tuƙin tuwo yana kifar da shi. Na rubuta haka. Aka dawo mini da rahoton, wai in ƙara nauyi a kan "buƙatar wayar da kai". Wato a gyara matan, a bar murhun. Na sassauta kalmomin, don ina da haya a kaina. Ba na alfahari da shi. Ki shirya wa irin wannan ranar, za ta zo.

Ɗan Manomi daga Illela:

Ni aikin gona na karanta, darasi ɗaya tak muka yi kan zamantakewar karkara, amma ya isa ya ɓata mini rai, ɓacin rai mai amfani. Malami ya haska hoton tassa a bango, ramukan nan da ake haƙawa a faƙo a zuba taki su tare ruwa, yana bayani da Faransanci da faɗi da zurfi a santimita. Ni kuwa tun ina ɗan shekara takwas nake bin mahaifina da kwandon taki. Manoman yankinmu ne aka kai Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, suka ga yadda ake yi, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka kwaikwaya. Har faƙon da da ba mai so ya koma ana saye da sayarwa. A jarrabawa na rubuta yadda Baba ke yi, aka rage mini maki don ban kawo adadin da ke cikin takarda ba.

Haka sassaben zamani. Ana danganta shi da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya fara yaɗa shi a Maraɗi a 1983, kuma ya yi ƙoƙari ƙwarai. Sai dai barin kututture ya tofo a gyara shi ba baƙon abu ba ne ga manomi. Abin da ya hana shi da, itacen na gwamnati ne, in ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, to don me za ka raini abin da zai jawo maka masifa? Da riƙon ya sassauta, manomi ya ga gawon nasa ne, sai gonaki suka cika. Masu bincike sun ƙiyasta kadada miliyan 5. Dabarar ba ta canja ba, mai itacen ne ya canja.

Injiniyan Kuran:

Wannan kam ba zafi ba ne, na sallama.

Ɗiyar Harobanda:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba na Maman Biyu da na Yaya Injiniya. Bai ce komai ba, sai da na kai wurin layin Birnin Kebbi ya ce in maimaita. Hutun nan zan koma wurin Kaka, ba da takardar tambayoyi ba, kuma zan nemi wani ma'aikacin lafiya ya fara koya mini yadda maganin da ke jikin gidan sauron yake aiki, don sai yanzu na tuna tumatir ɗin ci ake yi. Yaya Ɗan Adar, ba ka ƙarasa mana ba. Famfon fa?

Ɗan Adar:

Makulli ya dawo bayan wata bakwai, a hannun wani direba, cikin ƙullin atamfa biyu da aka aiko wa uwar gidan maigari. An gyara, yana aiki. An sa Bafulatani ɗaya a kwamiti, an yi makulli na biyu yana wurin liman. Shaton dai yana nan yadda yake. Da na koma bara na kwana, da asuba ƙarar guga ce ta tashe ni.