Neman kalma kahin shirin asabar, ku taimaka

Zali: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da shirin kimiyya a radiyo ran asabar kuma na maƙale. Akwai aikin da ake ba ordinatar murya kaɗai, ita kuma ta hiddo yadda harshe da leɓɓa da muƙamuƙi sunka motsa sa'adda anka yi maganar, ba tare da ta ga bakin ba. Da farko ana manna ma mutum ƴan ƙananan na'urori bisa harshe da leɓe yana magana ana naɗar sauti da motsi tare, da wannan take koyo. Da faransanci inversion acoustico-articulatoire. Mi za ni ce?

Malam Isuhu: Gano motsin gaɓoɓin furuci daga sauti. Gaɓoɓin furuci tuntuni tana cikin littattafan nazarin Hausa.

Rabe: Malam a gafarce ni, gano ta yi ƙarhi, ƙiyasi ne. Ciji biro ka ce iii, muƙamuƙi bai motsa ba amma harshe ya gyara kuma sautin ya hito kusan guda, to ka ga sauti ɗaya na iya hitowa daga siffar baki biyu, nan wahalar aikin take.

Baba Na-Tibiri: Bin sawun murya! Mai bin sawu bai ga raƙumi ba amma ya san inda ya bi. Wagga ita ce Hausa, ba jerin kalmomi shida ba.

Malam Isuhu: Baba wannan azanci ne, ɗalibi ba ya rubuta shi a jarabawa.

Sadiya: Ni ordinatar ɗin ce ta dame ni, kwamfuta ake cewa.

Baba Na-Tibiri: A Kano ba. Ɗiyata kwamfutar ma aro ce, don mi aron turancin Ingila zai hi na Faransa daraja? Kullum sai an ce mu jira Kano ta yanke.

Alaramma Sani: Mu tun a tajwidi muke da makharijul hurufi, mafitar haruffa, ba ku dubawa ne.

Rabe: Alaramma mafita wuri ce, nan motsi ake nema.

Zali: Don Allah jibi ne hwa. Zan buɗe da ƙiyasin motsin gaɓoɓin furuci daga sauti, sannan in ci gaba da bin sawun murya don masu saurare na ƙauye su gane.

Malam Isuhu: To, a radiyo kaɗai. In rubutawa za ki yi ban yarda ba.