Lokoja da Kaduna: Wa Ya Ci Gadon Wa?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Wani abokin aikina ɗan Kogi ya tsare ni yau a tashar Kawo, wai Lokoja ce babban birnin Najeriya na farko, mu 'yan Kaduna kuma gadonsu muka cinye. Na rasa bakin ba shi amsa. Kawu, ku da kuka ga jiya, haka ne?

Yaya Babba: Kafin Kawu ya zo, gaskiya mutumin ya faɗa. Ranar 1 ga Janairu 1900 a Lokoja aka sauke tutar kamfanin Royal Niger, Gwamna Lugga ya sa aka ɗaga ta Ingila. Inda aka kafa tuta ai nan ne gidan mulki.

Goggo: Babba, wace Najeriyar? A 1900 babu ƙasa guda mai gwamna guda. Mulkin Arewa kaɗai Lugga ya shelanta ranar. Kudu na da nata a Kalaba, Legas ma daban take. Sai 1914 aka haɗe su, kuma Legas aka ba wa kujerar. Ko a Arewar ma Lokoja ba ta daɗe ba, Lugga ya zauna Jebba, a 1902 ya koma Zungeru. In akwai mai ƙorafin an ƙwace masa, Zungeru ce, don daga can aka kwaso ofisoshi zuwa Kaduna wajen 1917. Har gadar ƙafa ta Lugga da ke Gamji daga Zungeru aka ciro ta.

Yaya Babba: To sunan ƙasar fa, Goggo? Ba a kan Dutsen Patti na Lokoja 'yar jaridar nan Flora Shaw ta tsaya tana kallon mahaɗar Kwara da Binuwai ta raɗa shi ba?

Goggo: Haka masu zagayawa da baƙi ke faɗa. Abin da ke rubuce shi ne ta kawo sunan a jaridar The Times ta Landan a Janairun 1897, shekara biyar kafin ta auri Lugga. Ka riƙe wannan.

Kawu: Wa alaikumus salam. Na bar ku ku gaji tukuna. Duk kun tsaya kan tuta da suna, ba wanda ya tambayi abin da ya kai Bature Lokoja tun farko. Ruwa ne. Jirgi ya taso daga teku ya hauro Kwara, a Lokoja hanya ke rabuwa: hagu zuwa ƙasar Nufe, dama ka bi Binuwai har Yola. Shi ya sa tun 1841 suka gwada kafa gona a wurin, zazzaɓi ya kore su. Wani likita Bature, Baikie, ya zo ya zauna wajen 1860, ya buɗe kasuwa, ya koyi Hausa. Kakanda masu kwalekwale, Nufawa, Oworo masu ƙasa, Bassa Nge, Igala, da fataken Hausawa, kowa ya sami wurin shimfiɗa hajarsa.

Amma kogi yana da lokacinsa. Da rani ya yi, ruwa ya ja, yashi ya fito, babban jirgi sai ya jira damina. Layin dogo kuwa ba ruwansa da rani. Da layin da ya taso daga Baro, a bakin Kwara, ya isa Kano a 1911, aka haɗa shi da na Legas a Minna, sai gyaɗa da fata suka daina neman bakin ruwa. Ni da na yi aikin reluwe har na yi ritaya ina gaya muku, ba Kaduna ce ta kayar da Lokoja ba, dogo ne. Kaduna dai ta dace layin ya ratsa ta, ga ruwan sha, ga fili, ga shi ba ta cikin birnin wani sarki.

Auta: Ke nan in ce masa ya je ya yi rigima da jirgin ƙasa?

Baffa: Kai Auta, bar wasa. Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Muna jayayya kan wa ya fara zama mazaunin Bature, mun manta Lokoja ce inda ake kai sarakunanmu in an tuɓe su. Sarkin Kano Alu, wanda aka kama a 1903, can ya ƙare rayuwarsa a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau can ya rasu. Aliyu Ɗan Sidi ma haka, shi da ya yi Waƙar Diga kan wahalar aikin dogon nan da Kawu ke yabo. Kaburburansu na unguwar Kabawa. Na tsaya a wurin wata shekara a hanyata ta zuwa Okene. Ba wani gini na a zo a gani, sai da wani dattijo ya bar inuwarsa ya nuna mini, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, muka yi musu addu'a. Mu nan ƙasar Zazzau muke zaune, mutum nawa a gidan nan ya taɓa zuwa?

Kawu: Ban yabi dogo ba, ƙanena. Na san da gumin talakawa da aikin tilas aka shimfiɗa shi. Na ce shi ya juya akalar ciniki, wannan kuma ko maƙiyinsa ya yarda.

Yaya Babba: To ku ba su nasu mana. Makarantar Holy Trinity da Bishop Ajayi Crowther ya kafa a 1865, lokacin nan ina Kaduna? Daji ne da ƙauyukan Gbagyi. Lokoja ta girme mu, ko mun ƙi ko mun so.

Goggo: Girma kam ta girme mu, ba mai musu. Ka dai ce nan aka shelanta mulkin mallakar Arewa, sai in sa maka hannu. "Babban birnin Najeriya" ne ba zan bari ya wuce ba, don yara na karantawa.

Anti Amarya: Ni tarihi ya fi ƙarfina, amma na san Lokoja ta wani ɓangaren. A ambaliyar 2022 kayana sun maƙale a hanyar Koton Karfe, tireloli jere ba gaba ba baya, har man fetur ya yi wuya a Abuja. Garin da ruwansa zai cika a ji a jika a kasuwar Barci, ba a ce ya mutu ba.

Kawu: Shi ne abin haushin. Hedikwatar hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa a Lokoja take. Marigayi 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara a 2009, Buhari ya buɗe tashar Baro a 2019, amma har yau a bayan tirela kayan Amarya ke zuwa.

Yaya Babba: Ni dai ina nan kan bakata. Tuta a Lokoja ta fara tashi.

Goggo: Tutar Arewa.

Auta: Zan tura masa duka ya zaɓi wanda zai yi faɗa da shi. Baffa, in za ku koma Kabawa ku sanar da ni, ni zan tuƙa.

Baffa: Sai dai bayan damina, kada mu kwana a gadar Jamata.