Agogon saba na wuce gaba da minti 6 a kwana 10: mu sayi GPS ko akwai gyara?

Na-Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sabobi huɗu gare mu a ofis, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima. Ɗaya Windows ce mai riƙe da asusun ma'aikata, VM ce (kwamfutar manhaja da ke zaune cikin wata na'ura) a kan manhajar Hyper-V, sauran ukun Ubuntu. Ta Windows ɗin tana gudu da kimanin minti 6 cikin kwana 10, daga nan na Ubuntu su fara ƙin karɓar kalmar sirri. An canza batirin agogon na'urar makon jiya, ba abin da ya sauya. An ba oga shawarar sayen agogon GPS, yana jiran amsata ran Litinin.

Ɗan Arkilla: Wa alaikumus salam. Canza batirin CMOS, ɗan batirin agogo samfurin CR2032. In ka auna ka ga ya yi ƙasa da bolt 3 sosai, jefar da shi.

Na-Mabera: Malam, ai na ce an canza.

Gawon Nama: Mai arha shi anka sa mishi, shi ya sa. Na kirki ya fi tsada.

Injiniya S.: Ku bar maganar batir. Aikinsa riƙe lokaci sa'ad da na'ura ke kashe, tana tashi ya gama nasa. Ga lissafi: sakan 360 a kwana 10, sakan 36 ke nan kullum, ya haura ppm 400, wato kashi 400 cikin miliyan. Kiristal, wato abin da ke ƙirga wa agogo lokaci, in lafiyarsa lau ba ya kai nan. Ƙin kalmar sirrin kuma Kerberos ne, tsarin tantance masu shiga, bambancin agogo na minti 5 yake yafewa, an wuce ya rufe ƙofa. Ƙanena, buga wannan a Windows ɗin ka kawo mana amsa:

w32tm /query /source

Ɗan Arkilla: Zafin Sakkwato ne, ita ma sabar sauri take ta tashi aiki ta koma inuwa.

Hajiya ta Runjin Sambo: Wasa kake, amma zafi na taɓa agogo. Kiristal na 32.768 kHz an daidaita shi ne a wajen digiri 25. A digiri 45 yana rasa kusan ppm 14, sakan ɗaya da ɗoriya a rana, kuma baya yake ja, ba gaba ba. Don haka ba shi ne mai laifi a nan ba.

Na-Mabera: Ta ce VM IC Time Synchronization Provider.

Injiniya S.: To ga ɓarawon. Windows ɗin na karɓar lokaci daga na'urar da ta goya ta. In ita mai goyon tana cikin domen, wato rukunin kwamfutocin da Windows ɗin ke jagoranta, daga Windows ɗin take karɓar nata. Makaho na jan makaho, ba wanda ke tambayar waje. Shiga saitin VM ɗin a Hyper-V, Integration Services, cire alamar Time synchronization. Sannan a sabar da ke da matsayin PDC, wato wadda sauran domen ke bin agogonta:

w32tm /config /manualpeerlist:"0.africa.pool.ntp.org,0x8 1.africa.pool.ntp.org,0x8 time.cloudflare.com,0x8" /syncfromflags:manual /reliable:yes /update

w32tm /resync

Ka yi bayan an tashi aiki, ka tsayar da rumbun bayanai tukun. Agogon baya za shi koma da minti 6, rajista za ta rikice in ana rubutu.

Baba Tsoho: Ya buga duk wannan, in kamfanin intanet ya toshe UDP 123, ƙofar da saƙon daidaita lokaci ke bi, ya buga iska. Akwai masu toshe ta ba su gaya wa kowa, ka kira su ce layi lafiya lau tunda shafuka na buɗewa. Wata ma'aikata a garin nan haka aka yi: takardar shaidar tsaro ta ƙi aiki, lambobin shiga masu canzawa duk sakan 30 suka daina shiga, aka tara ma'aikacin kwamfuta gaban manya aka ce bai san aikinsa ba. Wanda ya ja layin ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya. Da aka gano ƙofa ce a rufe, ko sannu ba wanda ya ce wa yaron. Kullum haka ne, wanda ke zaune kusa da na'ura shi ke ɗaukar zagi. Gwada kafin komai:

w32tm /stripchart /computer:time.cloudflare.com /samples:5 /dataonly

In kuskure kaɗai ke fitowa, duba bangon tsaronku, sannan ka kama kamfanin. Ni GPS nake ba shawara, sama ba mai toshe ta.

Gawon Nama: Baba, GPS ɗin da ake sawa cikin rak, wato kantar sabobi, miliyoyi ne.

Hajiya ta Runjin Sambo: Wane miliyoyi? 'Yar kwamfutar Raspberry Pi da ƙaramin allon GPS mai fitar da PPS (bugu ɗaya duk sakan), da eriya a bakin taga, ba su kai ko kusa da haka ba. Sa manhajojin chrony da gpsd, ka samu stratum 1, wato saba mai karɓar lokaci kai tsaye daga GPS.

Gawon Nama: Hajiya, yaushe rabonki da tambayar farashin Pi? Kuma ki sa shi a ɗakin da ake kashe wa na'urar sanyaya ɗaki da dare, ga ƙurar hunturu, ki gani.

Injiniya S.: Ofis mai neman daidaiton sakan ɗaya ba ya buƙatar stratum 1.

Baba Tsoho: Mun ji, masu satifiket sun yi magana. Mu da muka fara da tsohuwar manhajar ntpdate a kiron (cron, mai maimaita aiki lokaci-lokaci) sai mu yi shiru.

Injiniya S.: Allah ya huci zuciyar Baba, amma ntpdate fizgar agogo yake yi, shi ya sa aka bar shi. Na-Mabera, a Ubuntu bar mai gyara ɗaya tak: chrony ko systemd-timesyncd, kada su haɗu. Buga chronyc sources -v. A jerin majiyoyin lokaci, mai alamar ^* ita ce wadda ake bi, ^? ba a samunta, ^x maƙaryaciya ce. Reach ya nuna 377, wato tambayoyi takwas na ƙarshe duk an amsa. Majiya ta zama uku ko huɗu, biyu in suka saɓa ba alƙali. Kada ka cakuɗa time.google.com da na pool.ntp.org, domin Google na shimfiɗa sakan ɗin ƙari (wanda akan ƙara wa agogon duniya jefi-jefi) a hankali, sauran ba sa yi. Ka tabbata akwai makestep 1.0 3 a saitin chrony, don ya gyara agogo nan take in na'ura ta tashi bayan ɗauke wuta.

Ɗan Arkilla: In ka ga bambancin awa ɗaya cif, ba gudu ba ne, shiyyar lokaci ce. timedatectl set-timezone Africa/Lagos, agogon allon na'ura, mai aiki da batir, kuma ya zauna a UTC, lokacin duniya.

Hajiya ta Runjin Sambo: Tunda an zo nan, wa ke gyara lokacin na'urar dangwala yatsa da akwatin kyamarori? Yawancinsu na da gurbin NTP, tsarin daidaita lokaci ta intanet, masu kafawa ba sa cikawa. Mutum ya zo 7:58 na'ura ta rubuta 8:09, ƙarshen wata a yanke masa albashi.

Gawon Nama: Wannan shi ne zancen. Kuma ba ta taɓa kuskure wajen da zai amfani ma'aikaci ba.

Na-Mabera: Stripchart ya amsa da intanet ɗin wayata, ya ƙi da layin ofis. To me zan ce wa oga?

Baba Tsoho: Me na ce muku?

Ɗan Arkilla: Hajiya, tamu kyamarar shekarar 2000 take nunawa duk sa'ad da aka koma janareta. Ita ma CR2032 ce a ciki ko sai an kwance allon?