Muhawara: Mapo Hall gadon Ibadan ne ko na Turawa?

Malam Sabi'u: Salamu alaikum jama'a. Na ga an turo hoton Mapo Hall, babban zauren taron gari da ke kan tudun Mapo, ana cewa shi ne abin alfaharin Ibadan. Ni dai ban yarda ba. Ginin Turawa ne tun daga tushe har rufi. Kyaftin Ross, Razdan na lardin Oyo, shi ya aza harsashinsa a 1925, injiniya Robert Jones, wanda ake kira Taffy, ya gina shi, aka buɗe a 1929. Ina hannun 'yan gari a nan?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, da kuɗin wa aka yi ginin? Ai ba daga Ingila aka turo ba. Daga baitulmalin En'e aka ciro, wato harajin talakawan garin. Waɗanda suka ɗora duwatsu a ka suka hau tudun nan kuwa ba Turawa ba ne.

Malam Sabi'u: Hajiya, karɓar haraji da ƙarfi ba ya mai da mutum mai gida.

Aminu: Ina bayan Malam a fannin zane. Duk wanda ya tsaya a unguwar Beere ya ɗaga kai zai ga jerin manyan ginshiƙai masu kwaikwayon ginin Girka da Rum, da matakala mai faɗi, ga rufin kwano mai tsatsa na gidajen gari ya kewaye su ta ko'ina. Fadar Yarabawa ba haka take ba. Ita tsakar gida ce bayan tsakar gida, da shirayi a kan ginshiƙan itace masu sassaƙa. Ku kwatanta da Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Bature Hanns Vischer ya zauna a ginin ƙasa irin namu. A can baƙo ne ya shiga tsarin gari, a Mapo kuwa tsarinsa ya kawo ya ɗora a kan tudun da kowa zai gani.

Alhaji Garba: Ku saurara, yara. Akwai abin da ba ku taɓo ba. Ross mutumin Alafin na Oyo ne, ya danne Badun, wato Ibadan, a ƙarƙashin Oyo shekara da shekaru. A shekarar da ya aza harsashin nan, 1925, a cikinta aka tuɓe Baale Shittu, sarkin Badun, aka kore shi daga garin. To amma me ya biyo baya? Ross ya tafi, Badun ta fita daga hannun Oyo, a 1936 sarkinta ya daina amsa sunan Baale ya zama Olubadan. Ginin da aka yi lokacin da ake taka su, shi ne ya koma wurin zaman majalisarsu. Adegoke Adelabu ya shugabanci majalisar gundumar a shekarun 1950. Mu da muka girma a Sabo mun san duk wata magana mai nauyi ta gari Mapo ake kai ta.

Hajiya Rabi: Allah ya ƙara girma, Baba. Ko naɗin Rashidi Ladoja a matsayin Olubadan a watan Satumba 2025, ina aka yi? A Mapo, ba a wani otal ba. Mutane ba sa kai sarkinsu wurin da suke ɗauka na baƙo ne.

Aminu: Wannan gaskiya ne, Hajiya. Amma amfani daban, zane daban. Jones ɗin nan shi ya gina hasumiyar Bower a Oke Are, ita kuwa don tunawa da wani Bature mai suna Bower aka yi ta.

Hajiya Rabi: Hasumiyar Bower yawon buɗe ido ake zuwa yi. Mapo kuwa gangamin siyasa, biki, naɗi, duk a can. Ba ɗaya ba ne, ƙanena.

Malam Sabi'u: Baba Alhaji, na ji bayaninka, kuma shi ya ƙara min ƙarfi. Idan ɗan makaranta ya hau matakalar nan, sunan Ross da Taffy zai ji, har titi akwai mai sunan Taffy. Wa zai gaya masa labarin Shittu? Sai ranar da aka rubuta wannan a jikin bangon zan kira shi gadon gari.

Alhaji Garba: To ka rubuta takarda zuwa ga masu kula da wurin, ni zan fara sa hannu. Amma ka je kasuwar Oja'ba ka ce wa 'yan kasuwa Mapo ba tasu ba ce, ka dawo ka ba mu amsarsu.