Ɗaukar hoton bikin ƙauye lokacin kaka: abin da masu sana'ar suka ce

Masu ɗaukar hoto na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, sun tattauna bikin ƙauye a watan Nuwamba, kuma mafi yawan surutun a kan haske ya ƙare. Ranar tsaka tana baƙanta idanu a hoto, farar babbar rigar ango kuma ta haske har aikin wuyan ya ɓace. Sun ce a kai mutane inuwar darbejiya, ko a haƙura sai bayan la'asar, kafin rana ta faɗi wajen ƙarfe 6. Lokacin nan jan katangar ƙasa, rumbu da dammunan dawa sun wadatar a bayan hoto, ba sai an rataya labule ba.

Hazo ya raba kawuna. Wasu na son laushin da yake ba hoto, wasu ƙurar kawai suke gani. Ni dai ina bayan masu cewa kada a sauya gilashin kyamara a fili saboda ƙurar.

A riƙo batir biyu ko uku, wuta ba tabbas. Cikin gida kuwa sai da izinin maigida, ko a tura mace ta ɗauko hoton lallen amarya kusa-kusa, tun zanen bai dushe ba.